WASIƘAR ACHIDA: Kwamfutar Wasa, Wace Ce Ta Dace Da Ƙasarmu?

Zuwa ga Edita,

 Na so a ce wannan mako maganar cinikin albasa da tafarnuwa zan ci gaba da ita, sai ga takarda ta iso mini daga wani saurayi na Goronyo, ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, wadda na ga amsarta ba ta jiran wani mako, gama kuɗi sun riga sun shiga aljihu, mai su kuwa ƙafarsa ɗaya tana cikin mota. Saboda haka ina roƙonka ka ba ni filin nan nawa da na saba, ka kuma ƙara mini da ɗan taki biyu, don amsar ta amfani wasunsa, tun da ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ga abin da ya ce. Mahaifinsa ya sayar da bijimi a nan kasuwar Achida, ya haɗa da kuɗin albasar bana, ya ba shi don ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof, saboda zanen gine-gine da a ke koya musu. Shi kuwa bai ɓoye mini ba, ya ce yana son wadda in ya gama karatu za ta ɗauki wasan ƙwallon ƙafa da na tseren motoci ba tare da tana sarƙewa ba. Wani abokinsa ya gaya masa wai kada ya wahal da kansa, ya nemi wadda aka manna wa tambarin Core i7, shi ke nan. To, yana tambaya, gaskiya ne?

Na san akwai dattawan da za su ce, yanzu Malam Edita har ka ba da fili don wasan yara? Allah ya ba su haƙuri. Su ma ai mun gan su gindin bedi da la'asar suna dara, har gardama ta kaure. Kuma abin da ya kamata su sani shi ne, injin da ke iya ɗaukar wasan zamani shi ne dai injin da ke iya ɗaukar zanen gini mai tsawo da faɗi da zurfi, da haɗa hoton bidiyo, watau sayayya ɗaya ce. Sabuwar irin wannan na'ura yau ta haura naira miliyan ɗaya. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa hannu a kansa a 2024 naira 70,000 ne a wata, ka ga ke nan kuɗinta ya fi albashin wata goma sha huɗu na ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya ci bijimi sukutum ya wuce a kira shi wasa.

Ƙanena, fara da ajiye maganar abokin nan naka. Core i7 sunan gida ne, kamar a ce maka wane Bagobiri ne ko Bazamfare. An gaya maka asalinsa, amma ba a gaya maka shekarunsa ko ƙarfinsa ba. Kamfanin Intel tun 2008 ya ke buga wannan suna a kan furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke lissafi a cikin kwamfuta, ya kuma yi shekaru da yawa yana fitar da sabon zubi kusan kowace shekara ba tare da ya sauya sunan ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san ba mai sayen sa don an faɗa masa garken da ya fito, sai ya buɗe baki ya duba haƙora. Haƙoran furosesa su ne lambobin da ke biye da sunan. In ka ga i7-7500U, bakwai ɗin farko na nufin zubi na bakwai, na shekarar 2016, ma'aikata biyu rak gare shi a ciki. In ka ga i5-12450H, zubi na goma sha biyu ne, na 2022, ma'aikatansa takwas. Wannan i5 zai yi wa wancan i7 fintinkau, amma a shago i7 za a fi ɗaga maka da murya mai ƙarfi, don an san kunnenka shi ya ke jira. Harafin ƙarshe kuma ka lura da shi. U an yi shi ne don ya tausaya wa batir, abincinsa wajen wat 15, jakin ofis ne mai haƙuri. H kuwa wajen wat 45 ya ke ci, shi ne ingarman. Haka kuma a gidan AMD, Ryzen 5 ko Ryzen 7 mai H ko HS a ƙarshe shi ne na wannan aiki.

Akwai wani dalili kuma da ya sa shekaru suka zama abin dubawa. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, Windows 11 kuwa bisa ƙa'ida ba ya karɓar yawancin furosesan Intel da suka gaza zubi na takwas. Tsofaffin na'urorin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama saboda wannan, ina ka ke tsammani za su? Ai wurinmu. Za ka same su an goge su suna ƙyalli, kowace da tambarin i7 a ƙirji.

Amma duk wannan share fage ne. A wajen wasa furosesa ba shi ne sarki ba, katin zane ne, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik. Bari in nuna dalili. Allon kwamfuta na yau da kullum ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, watau ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Don motsi ya tafi sumul, sai an sake fentin allon nan duka sau 60 a kowace daƙiƙa, jimla ɗigo fiye da miliyan 124 a daƙiƙa ɗaya, kowane sai an lissafa launinsa da haskensa da inuwarsa. Furosesa kamar malamai ne 'yan kaɗan masu zurfin ilmi, kowace irin matsala ka kawo su warware ta, amma ɗaya bayan ɗaya. Katin zane kuwa gayya ce. A cikin RTX 4060 na laftof akwai ƙananan ma'aikata 3072, ba wanda ya iya wani abin kirki shi kaɗai, amma duk a lokaci guda su ke sunkuyawa. In shinkafa ta nuna a fadamar Wurno, wa ka ke nema, malamai takwas ko majiya ƙarfi dubu uku?

Yawancin kwamfutocin ofis da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, ba su da wannan kati na daban. Abin da ke gare su ɗan ƙaramin sashe ne a jikin furosesa, za ka ga an rubuta Intel UHD ko Iris Xe. Na'urori ne masu ƙarko, ni kaina da irinsu na ke aiki a ofis, kuma za su ɗauki tsofaffin wasanni in an rage musu ado. Amma sabon wasa, a'a. Nan ne fa a ke yi wa baƙo rufa-ido. Mai shago zai ce maka girafik ɗinta giga takwas ne, har ya buɗe ya nuna maka lambar. Ba ƙarya ya yi tsagwaronta ba, amma abin da ya nuna maka aro ne da na'urar ke yi daga ram ɗinta, ba dukiyar katin ba ce. Kai da kanka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka gangara inda aka rubuta GPU. Za ka ga sunan katin a sama, a ƙasa kuma layi biyu, ɗaya an rubuta Dedicated, ɗaya Shared. Na farkon shi ne hatsin rumbunsa, na biyun bashi ne daga maƙwabci. Na farkon kaɗai za ka ƙirga. Kada kuma ganin sunan NVIDIA ya sa ka saki jiki. Akwai 'yan katunansu da ke farawa da MX, irin su MX250 da MX450, kama da wane ce kawai, ba ta wane.

To, wane kati ne ya isa? Ba mai amsa wannan sai wasan da ka ke nufi, kuma kowane kamfani ya kan buga abin da wasansa ke bukata. Ɗauki wasan ƙwallon nan da har yanzu yara ke kira FIFA, ko da ya ke tun 2023 ya koma EA Sports FC. Na shekarar 2024, watau FC 25, masu shi sun ce mafi ƙanƙantar abin da zai tashe shi GTX 1050 Ti ne mai giga 4 da ram giga 8, abin da suka fi so kuwa GTX 1660 da ram giga 12, sa'an nan fili a rumbu giga 100. Ka lura, mafi ƙanƙanta ma'anarsa wasan zai buɗe, ba a yi maka alkawarin zai yi daɗi ba. GTX 1650 na 2019, wanda ya yi yawa a cikin na hannu, ya haye ƙaramin ma'aunin, bai kai babban ba. RTX 2050 da RTX 3050 na farko giga 4 gare su, sun fara ƙuntata ga sababbin wasanni. RTX 3060 na 2021 da RTX 4050 na 2023 giga 6 ne. RTX 4060 giga 8, haka RTX 5050 da 5060 da suka fito a 2025. Akwai na sama da waɗannan, har mai giga 24, amma ba zan ɓata tawadarka a kansu ba, Malam Edita, garken shanu su ke ci.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda ba za ka ji shi a bakin masu talla ba. Kati ɗaya, suna ɗaya, amma ƙarfi daban-daban. NVIDIA ta bar wa masu ƙera laftof zaɓi, su ba RTX 4060 abinci daga wat 35 har zuwa 115, wasu ma da ƙarin 25 a kai. Mai siririyar na'ura, wadda ba ta da wurin manyan fankoki, sai ya ɗaure katin a ƙasa don kada ya ƙone. Mai kauri ya sake shi. Ka ga doki biyu uwa ɗaya uba ɗaya, wannan ana ba shi dawa da harawa, wancan sai ɗan ƙaiƙayi, ranar sukuwa ba za su zo tare ba. Har ta kan yiwu RTX 4050 da aka ƙosar ya kamo RTX 4060 da aka bari da yunwa, alhali kuwa na biyun ya fi tsada. Wannan lamba sau da yawa ba ta kan kwali. Amma in ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga bayanin na'ura da ke can ƙasa, a sababbin katuna za ka ga an rubuta iyakar wat ɗin da aka ba shi. Wata alama kuma mai sauƙi ita ce caja. Ɗaga ta ka karanta bayanta. Ta ofis wat 45 ce ko 65. In aka ce maka wannan na'urar wasa ce mai ƙarfi, ka ga cajarta 'yar mitsitsiya, to, akwai magana. Ta gaskiya daga wajen wat 135 ta ke tasowa, har 230 da abin da ya fi, nauyinta kamar rabin bulo.

Duk wat ɗin nan da ya shiga na'ura, zafi ya ke komawa, sai fanka ta fitar da shi. Nan fa ƙasarmu ta shigo cikin magana. Yawancin masu ƙera laftof sun rubuta a takardunsu cewa an yi ta ne don ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a nan gabashin Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 abincin yau da kullum ne, balle a ɗakin kwano da azahar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin ta ke ja ta hura wa ƙarfen. In iskar da kanta ta gasu, me za ta ɗauke? Furosesa in ya kusanci digiri 100, katin zane in ya kai wajen 87, sai su rage gudu da kansu don tsira da rai. Abin da mai wasa zai gani shi ne, minti goma na farko komai lafiya lau, daga nan sai 'yan wasa su fara tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Sai ya ce an yi masa sammu ko ƙwayar cuta ta shiga, alhali kuwa bazara ce. Ƙarfin da ka biya kuɗinsa yana nan a ciki, rana ta hana ka shi. Wanda ya gwada na'urar nan ya yabe ta a intanet, a ɗaki mai sanyi ya gwada ta a Ingila ko Jamus, bai taɓa jin sunan Achida ba.

Bazara na wucewa, damina ta ɗan ba da hutu, sai hunturu ya zo da ƙurarsa. Fankar laftof ta wasa iska mai yawa ta ke zuƙa, duk abin da ke cikin iskar kuwa a haƙarƙarin tagullar nan na ciki ya ke maƙalewa, har ya zama kamar auduga ya toshe hanya. Saboda haka ni a ganina, ga mutumin ƙasar nan, kaurin na'ura abin so ne. Ka bar siririya mai kyan gani ga masu ɗakin sanyi. Ka juya ta ka duba cikinta, ka ga ko ramukan shan iska na da faɗi, ka ga fanka biyu ce ko ɗaya, ka ga ko murfin ƙasa na kwancewa da sukurdireba ba tare da wahala ba, gama ko ba daɗe ko ba jima sai an buɗe an share, aƙalla bayan kowane hunturu, an kuma sake man nan da a ke shafawa tsakanin furosesa da tagulla in ya bushe. Irin su Lenovo LOQ da Legion, da HP Victus da Omen, da Acer Nitro, da ASUS TUF, su ne dangin da a ke yi don wannan aiki. Ban zaɓar maka ɗaya ba, don kowane gida akwai ƙosasshe akwai ramamme, wat ɗin nan dai shi za ka tambaya. In ka kawo ta gida kuma, kada ka ɗora ta kan katifa ko matashi ko bargo, shaƙe ta ke nan. Kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta da katako, wasa kuwa a bari sai dare ya yi sanyi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke karya lissafin mutane da yawa. Samari na tsammani tun da laftof na da batir, ai an huta da zancen wuta. Ba haka ba ne. Batir ɗin irin waɗannan na'urori, a yawancinsu, abin da ya ke riƙewa tsakanin wat 50 ne da 90 na awa ɗaya, ba kuma wanda ya kai 100, don dokar jiragen sama ta ƙayyade a nan, masu ƙerawa kuwa ba su son yin abin da za a hana shi hawa jirgi. To, yi lissafi irin na akawu. Na'ura na cin wat 150 a tsakiyar wasa, batir na riƙe da 60, ka ga minti 24 ke nan ya ƙare. Saboda haka da ka zare caja sai na'urar ta rage wa katin abinci da kanta don ta ja lokaci, wasan ya koma rarrafe, duk da haka da ƙyar ta wuce awa guda. Watau laftof ta wasa, wajen wasa, na'urar jikin bango ce. Ƙarfinta na nan ne muddin akwai wuta a soket.

Wutar kuwa kowa ya san halinta a ƙauyukanmu, ba sai na tsaya bayani ba. Ƙaramin injin janareta zai ɗauke ta, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowace awa ta wasa da kuɗinta, ga shi wutar ƙananan injuna hawa da sauka ta ke yi, abokin gabar caja ke nan. In sola ka ke nufi, ga nata lissafin. Ka ce wat 200 har da asarar inbata, awa uku a dare, 600 ke nan. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1200, amma rabinsa kaɗai a ke sha in ana son ya yi ƙarko, watau 600 cif. Ka ga wasan awa uku ya shanye batir guda, ba a kunna fanka ba, ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba, ga kuma farantin da zai sake cika shi gobe. 'Yar solar nan ta cajin waya da fitila ba ta ko kusa. Wanda ya zuba kuɗin bijiminsa duka a kan kati mafi girma, bai rage na wuta ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Shi ya sa na ce a nan ƙasar matsakaicin kati wanda ka ke iya ciyarwa, ka kuma iya sanyaya shi, zai ba ka wasa fiye da babban da zai wuni yana haki.

Sauran kayan ba su da tsawon magana. Ram giga 16, ya fi kyau a ce sanda biyu ce ta takwas-takwas, don hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewa. In kuɗi bai kai ba ka ɗauki mai takwas, amma sai ka tabbata akwai gurbin ƙari, gama wasu an liƙe nasu da dalma ba ya ƙaruwa. Ka kuma sani tun ƙarshen 2025 ram ya yi tsada a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi masa wawa, don haka "zan ƙara daga baya" ba ta da arahar da. Rumbu kuwa SSD, giga 512 a ƙalla, tun da wasa ɗaya na cin 100. Allo, 1920 da 1080 ɗin nan ya ishe ka. Za a yi maka kirarin 4K, ɗigonsa ninki huɗu ne, watau aikin gayya ya ninka huɗu a kan 'yan gayya ɗaya. Fitilu masu launi da ke walƙiya ƙarƙashin madannai kuwa, su ne tunkun sirdi, ba su ƙara wa doki gudu.

Wani abu da a kan manta shi ne data. Wasan giga 100 a sauko da shi ta layin waya a Achida, bayan ƙarin kuɗin kira da na data da aka amince da shi a Janairun 2025, ba ƙaramin aiki ba ne, ga gyare-gyaren da wasannin ke nema a kai a kai. Ka sauko da naka can makaranta inda akwai intanet mai ƙarfi kafin ka taho hutu. Ka kuma duba ko wasan na tashi ba tare da sadarwa ba, gama wasu ko kai kaɗai za ka buga sai sun gaisa da gidansu tukuna. Mutanen Goronyo da Rabah ba su manta da Satumbar 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda sha'anin tsaro. Allah ya kiyaye gaba, amma a irin wannan hali wasan da ke jiran intanet hoto ne kawai a allo.

Ga hukuncina a kan tambayarka, ƙanena. In kuɗin ya kai sabuwa, nemi mai RTX 4050 ko abin da ya yi kusa da shi, wadda aka ba katinta abinci sosai, da i5 mai H na zubi na goma sha biyu ko sama, ko Ryzen 5 takwaransa, ram 16, rumbu 512, jiki mai kauri, ka rage wani abu don wuta. In bai kai ba, ta hannu mai RTX 3060 ba abin raini ba ce, ƙasa da ita kuma mai GTX 1660 Ti ko 1650. Mai GTX 1050 Ti da i7-7700HQ ta yi zamaninta, Windows 11 ma bai san da ita ba, a bar ta ta huta. Wanda kuwa ba shi da zanen gini ko wani karatu a gabansa, ƙwallo kawai ya ke so, ko mai niyyar buɗe gidan gem a bakin kasuwa, ni ban ga abin da ya kai shi ga laftof ba. PlayStation 4 na hannu da talabijin sun fi araha nesa, sun kuma fi jure hannun yara.

Ko a Sakkwato za ka saya, ko ka wuce Kano wajen titin Beirut ko Farm Centre, ko ka aika Computer Village ta Ikeja a Ikko, sharaɗin ɗaya ne, gani ya kori ji. Ni dai ba na son aike a wannan sayayya. Tafi da wasanka a cikin filashi, ka roƙi mai shago ya jona caja, ka buga rabin awa cur yana kallo. Rabin awar nan ita ce gwajin, don a minti biyar kowace na'ura jaruma ce. Ka sa ƙaramar manhajar nan HWiNFO, kyauta ce, ta nuna maka zafin ciki, ka ga ko gudu ya ragu bayan ta ɗau zafi. Ka kasa kunne ga fankoki, ƙara ba laifi ba ce, amma gurnani ko ƙarar gogayya laifi ne, shiru ɗungum kuma ya fi duka muni. In ta hannu ce, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar maka da takarda mai nuna abin da batir ke riƙewa ran da aka yi shi da abin da ya rage masa yau. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa, don maƙallan allo na cikin abin da ke fara karyewa a waɗannan manyan na'urori. Ka duba sukurorin ƙasa, in kawunansu sun cinye an sha shiga cikinta, sai ka tambayi dalili. Mai shagon da ya ce ba ya da lokacin wannan duka, yi masa godiya ka shiga na gaba.

Cajar kuma ta zama tata ta asali, mai tambarin kamfanin da wat ɗin da ya dace, gama wasu na'urorin in suka ji baƙuwar caja ko ƙarama sai su ƙi sakin ƙarfinsu, ta jabu kuwa tana iya tafiya da allon ciki gaba ɗaya. A rasit a rubuta maka sunan katin da na furosesa da lambar jikin na'urar, da kwanakin garanti, da hannun mai shago a ƙasa, ka kai wa Baba ya adana tare da takardun gona.

Maganar albasa da tafarnuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawun Achida.